Ƙyallen Ƙarshe

Shekara shida na yi a Dublin
ina yanka wa wani kamfani riguna.
Kullum kafin a kashe fitila
sai mun cika buhu bakwai da ƙyallaye,
wata babbar mota ta zo ta kwashe.
Ban taɓa tambayar inda take kai su ba.

Da kakata Nabla ta rasu
na dawo Ardara da jaka ɗaya,
ruwa bai ɗauke ba tun daga tasha.
Masaƙarta na nan yadda ta bar ta,
ƙoshiya kwance a tsakiyar zare
kamar fita ta yi ta leƙa kaji.

A ƙarƙashin gado, gwangwanin biskit.
Na buɗe ina zaton kuɗi ne.
Guntayen ulu, kowanne da takarda maƙale:
"hannun rigar Donncha, shekarar da teku ta ci jirginsa,"
"ragowar bargon Eithne,"
wani kuwa ba ta rubuta komai ba,
toka-toka ne, bai kai tafin hannu ba.

Da tsohuwar zuma ake magani.
Na sayi gashin tumaki wurin Manus,
yana dariya, wai bara binne shi ya yi
don babu mai saye.
Na wanke har hannuna ya tsattsage,
na kankaro gansakukar duwatsu don ruwan ƙasa,
ɓawon albasa ya ba ni rawaya,
shuɗin dai ya ƙi,
sau huɗu yana fitowa kamar ruwan wanki.

Wata biyu ina saƙa.
Wanda ya ƙirga zare da yatsunsa
ba ya sa almakashi da garaje.

Na shimfiɗa yadin a teburin abinci,
alli a hannu, shayi ya huce.
Inda na fitar da wuya
nan aljihu zai fito.
Hannayen rigar su kwanta kai da ƙafa
kamar yara a gado ɗaya.
'Yar kusurwar da ta faɗi
ta shiga hammata, ta ba kafaɗa sarari.
Na goge, na sake zanawa, na goge,
har maƙwabciya ta leƙo
tana tambayar ko lafiya, fitila na ci har asuba.

Kwat ta haɗu ran Alhamis.
Na share tebur, na share ƙasa,
sai ga shi: ƙyalle ɗaya,
kamar kunnen ɓera,
yana kallona.

Kwana uku yana aljihuna.
Na je da shi coci, na je da shi kasuwa.
A ƙarshe na naɗe shi a kan guntun itace
ya zama maɓallin wuya.
Bai yi daidai da 'yan uwansa ba,
ya fi su girma, ya ɗan karkace.

Wata mata ta zo daga Galway,
ta ji kuɗin, ta ajiye, ta fita,
ta dawo ta sake sawa,
yatsanta bai bar maɓallin nan ba.
Ta ce, wannan kuskure ne?
Na ce, a'a, shi ne ya rage.

Zare-zaren da tsintsiya ta tara
na rataye su a ƙayar shinge,
yadda Nabla ke yi ina mata dariya.
Da sanyi ya wuce
Manus ya kira ni bayan garke,
ya ɗaga reshe da sandarsa:
sheƙa, ƙwai huɗu,
a gefenta shuɗin nan da ya ƙi ni
ya zauna daram.

Gwangwanin yana kan taga yanzu.
Na cinye rabinsa a shafin riguna.
Toka-tokan nan mara takarda
ban taɓa shi ba tukuna,
ban san ko na wane ne ba.